Harafin da ke Lasisin Malam Sa'idu

An dakatar da ɗaurin auren Ramla Sa'idu da Nu'uman Dabo ranar Laraba, saura kwana tara a ɗaura shi.

Mahaifin ango, Alhaji Dabo, shi ya dakatar. Ƙanensa ya aiko unguwar Kambarawa, gidan su Ramla, bayan la'asar. Mutumin ya ƙi zama a tabarmar da aka shimfiɗa masa a zaure, ya faɗi saƙon a tsaye. Bai ce an fasa ba, ya ce a jira. Da Malam Sa'idu, mahaifin amarya, ya tambayi abin da za a jira, sai ɗan aiken ya dubi takalminsa ya ce wata magana ce ta taso a kan jini.

Ramla tana bayan ƙyauren tsakar gida. Ta ji komai.

Shekarunta ashirin da shida, tana koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare a Batagarawa. Nu'uman injiniya ne a wani kamfanin haƙa rijiyar burtsatse, gidan iyayensa na GRA. An kawo lefe, an raba kati, an yi wa gidan da za su zauna fenti. Abu biyu suka tsayar da komai: takardar gwajin jinin Ramla, da lasisin tuƙin mahaifinta.

Ga yadda aka yi. Limamin unguwarsu ba ya ɗaura aure sai ya ga takardar gwaji. Ramla da Nu'uman suka je aka gwada su, sakamako ya fito lafiya, ba sikila, ba wata cuta. A can ƙasan takardar akwai wani layi da ba wanda ya kula da shi, layin rukunin jini. Na Ramla AB aka rubuta.

Goggo Tani, yayar Malam Sa'idu, ta karɓi takardar ta kai wa ɗanta Mudassir ya karanta mata, tunda aikinsa ke nan, a wani ɗakin gwaje-gwaje yake. Shekara biyu da suka wuce Mudassir ya nemi auren Ramla, ta ce a yi haƙuri. A lokacin kuma lasisin kawunsa Malam Sa'idu na cikin aljihunsa, an ba shi ya kai sabuntawa. A jikin lasisin an rubuta rukunin jinin mai shi: O. Ya ajiye su kusa da juna, ya duba, ya ce a gaban mahaifiyarsa, "Wannan ba ya yiwuwa."

Ranar Lahadi Goggo Tani ta je gidan suna. Ranar Talata maganar ta isa GRA.

Da safiyar Alhamis Ramla ba ta je makaranta ba. Ta tari keke napep zuwa wurin aikin Mudassir, ta same shi cikin farar riga yana jera kwalabe. Suka gaisa yadda 'yan uwa ke gaisawa, ta tambayi Goggo, ya tambayi Kawu da Inna. Sannan ta ajiye jakarta a kan benci.

"Yaya Mudassir, koya mini. Ni malama ce, ina ɗaukar darasi. Abin da ka faɗa wa Goggo, faɗa mini shi yadda zan gane."

Ya nemi takarda bai samu a kusa ba. Ta ciro katin gayyatar aurenta daga jaka, ta juya bayansa ta miƙa masa. Ya karɓa.

Ya ce kowane mutum gado biyu yake ɗauke da shi a jininsa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma kowane gado ɗaya ne cikin uku: A, B ko O. A da B suna danne O. Wanda ya gaji A da O, gwaji A zai nuna, shi ya sa iyaye masu A za su iya haifar mai O, ba abin mamaki ba ne. Amma wanda gwaji ya nuna O, to O biyu gare shi, ba abin da zai iya ba ɗansa sai O.

"Ke AB ce. A daga ɗaya, B daga ɗaya. Inna A ce, ni na raka ta asibiti lokacin da aka yi mata aiki. To B ɗin daga ina?"

Ya zagaye harafin da biro. Ya danna da ƙarfi har zanen ya fito ta gaban katin, daidai inda aka buga ranar ɗaurin aure.

Ramla ta ce a sake gwada ta yanzu, a gabanta. Ya soke mata yatsa, ya ɗiga jinin a kan gilashi wuri biyu. Ya zuba wa ɗaya wani ruwa shuɗi, ɗayan kuma rawaya, ya motsa. Ba a yi minti ɗaya ba duka biyun suka yi gudaji-gudaji kamar nonon da ya tsinke. Ba sai ya yi mata bayani ba.

Ta matse yatsan da auduga.

"Da ka gani, me ya hana ka same ni? Ko ka sami Baba?"

Ya ce bakinsa ne ya riga tunaninsa, kuma ta san halin mahaifiyarsa. Ya ce ya yi nadama. Sai ya rage murya.

"Maganata ta shekara biyu tana nan, Ramla. Ni ban damu da B ɗin ba."

"Ba ka damu da shi ba, ga shi har ya kai GRA."

Ta ɗauki katinta ta fita.

A gida ba wanda ya yi maganar. Malam Sa'idu yana fita da safe da tsohuwar motarsa, ya dawo da azahar, ya ci abinci a zaure. Inna Mairo, mahaifiyar Ramla, ta ci gaba da haɗa turaren wutar amarya kamar ba abin da ya faru, sai dai ta daina leƙa ƙofar gida, kuma tuwonta yana kwana a kwano.

Ramla ta kama kanta tana wani abu da ya ba ta kunya. In Baba ya zauna cin abinci sai ta tsaya daga nesa tana duban goshinsa, da hancinsa, da yadda yake riƙe kofi. Daga nan ta shiga ɗaki ta tsaya gaban madubi. Wani lokaci ta ga kama. Wani lokaci ba ta ga komai ba. Ran Juma'a Inna ta shigo ta same ta a haka. Ta ɗauki abin da ta zo ɗauka ta fita. Ramla ta cire madubin ta tura shi bayan akwatunan lefe.

Ranar Asabar Goggo Tani ta zo. Ta zauna a kujerar tsakar gida, ta sha ruwa, ta gaisa da kowa har da kaji. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Tunda mutanen GRA sun janye, kuma an riga an raba kati, Mudassir ya yarda a ɗaura da shi ranar Juma'ar nan dai. Ɗan gida ne, ba zai tona komai ba.

"Mairo, ni ban ce kin yi komi ba. Takarda ta ce. Wanga abu rufin asirinmu ne mu duka."

Inna ta tashi ta yi alwala. Ta shiga ɗaki ta fito da Alƙur'ani a cikin gafakarsa. Ramla ta riƙe mata hannu, ta ce kada ta yi, ba Goggo ce alƙali ba. Inna ta tsaya da littafin a ƙirji.

"Yaya Tani, ran da aka haifi yarinyar nan ke kika fara yi mata wanka. Ke kika ɗaga ta kika ce ga kunnen Sa'idu sak."

"Kunne ba takarda ba ne," in ji Goggo Tani.

Ramla ta ce, cikin ladabi, ita ba ta ji an ce an fasa ba, jira aka ce. In ma an fasa, za ta zauna gidan ubanta. Goggo ta dube ta sama da ƙasa lokacin da ta ce ubanta, ta gyara mayafi, ta ce za ta dawo jin amsa.

Nu'uman ya zo ranar Litinin, lokacin da aka fita tara. Ya ajiye motar aikinsa can nesa da ƙofar makaranta, ya tsaya a gindin dalbejiya. Laka ce har gwiwar wandonsa, daga wurin haƙa ya taho. Ya ce, "Malama, an tashi lafiya?" yadda ya saba tsokanarta. Ba wanda ya yi dariya.

Ya ba ta labarin kwana biyar. Ya je wurin liman da kansa. Liman ya ce a shari'a ɗan da aka haifa cikin aure na mijin ne, kuma zargin matar aure ba shaidu ƙazafi ne mai hukunci. Nu'uman ya kai wa mahaifinsa wannan amsa. Alhaji Dabo ya ce ba ya jayayya da shari'a, amma shari'a ba ta tilasta masa zaɓen surukai ba. Jikokinsa za su je makaranta wata rana, ba ya so a tambaye su kakansu su rasa amsa. Hajiya, mahaifiyarsa, ta yi kuka ta ce ya nemi wata. Ya ce ba wata. Kwana uku ke nan Alhaji ba ya amsa gaisuwarsa.

Jiya dai Alhaji ya sassauta da sharaɗi ɗaya. A gwada jinin Malam Sa'idu, a kawo masa takarda kafin Alhamis. In ta fito daidai, aure na nan ran Juma'a. In ba a kawo ba, zai aika a ɗauko lefe.

"Kai fa?" in ji Ramla.

"Ni ko jininki kore ne, ke nake so."

"Ba shi na tambaye ka ba. Ka yarda Inna ta yi abin da ake faɗa?"

Aka kaɗa ƙararrawar komawa aji.

"Ban san Inna da haka ba," ya ce. "Amma na karanta abin nan a waya, Ramla. Na karanta ya fi sau goma ina neman inda za a ce yana yiwuwa. Sun ce akwai 'yan ƙalilan a duniya da ake samun haka. Na riƙe wannan. Shi kaɗai na samu na riƙe."

"Da ka yi mini ƙarya ka ce ba ka yarda ba."

"Da kin gane."

Ta yi kuka a tsaye, ba sauti, gefen hijabi a baki, don 'yan ajinta na leƙe ta taga. Ta ce masa ita ma ta tsaya gaban madubi, kuma ba ta san yadda za ta yafe wa kanta ba. Ya ce in Alhaji ya ɗauki lefe zai sa kawunsa na wajen uwa ya tsaya masa a ɗaura. Ta ce Baba ba zai ba da ita a bayan idon uban ango ba, shi ma ya sani. Ya ce to ta roƙi Baba. Gwajin minti biyar ne.

Tunda aka fara maganar ba ta taɓa ɗaga ta a gaban mahaifinta ba. Ba irin maganar da 'ya ke yi da uba ba ce.

Ranar Talata bayan la'asar ta same shi a ƙofar zaure yana wanke mota. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙi a ma'aikatar gwamnati kafin ya yi ritaya, kuma bai taɓa barin wani ya wanke masa mota ba. Sunan mahaifiyarsa ya sa wa Ramla, don haka ba ya kiran sunanta.

"Uwata, miƙo mini tsumman can."

Ta miƙa masa, ta durƙusa a bakin zaure. Ta faɗi sharaɗin Alhaji Dabo idonta a ƙasa. Ya ce ya ji, ɗan aiken ya sake zuwa jiya. Ya goge gilashin gaba, ya koma gefe ya duba, ya sake gogewa.

"Mi suka ce an rubuta a lasisin?"

"O, Baba."

"To ni tunda aka haife ni ba wanda ya taɓa ɗibar jinina. Ko allurar zazzaɓi ba na yarda da ita."

Ramla ta ɗago kai.

Ya ba ta labarin yana matse tsumma. Shekarar da aka fara sa layin jini a lasisi, su bakwai suka je daga ma'aikatarsu. A gindin wata bishiya kusa da ofishin akwai wani Bala mai cike wa mutane fom. Bala ya tambaye shi rukunin jininsa, ya ce ja ne irin na kowa. Bala ya yi dariya ya rubuta O, ya ce shi yake rubuta wa direbobi, don shi ya fi yawa a gari. Duk bakwai ɗin O suka fito, kamar uwarsu ɗaya. Tun daga nan, duk sabuntawa sai a kwafi abin da ke jikin tsohon.

"Yaya Mudassir ya san ba a gwada ka ba?"

"Shi ya cike mini fom ɗin bana. Ya tambaye ni, na ce ya kwafi na da, ni ban taɓa gwaji ba."

Ramla ta ajiye wannan a ranta. Ba shi ne gabanta ba yanzu. Ta miƙe tsaye, ta kusa yin dariya.

"Baba, ai shi ke nan. Mu tafi yanzu, ba su tashi ba. Yatsa kawai za su soka."

"Ba ni zuwa."

Ta tsaya da mayafin a hannu.

"Shekara ashirin da takwas ina tare da uwarki," ya ce. "Na yi tafiyar wata guda na bar ta, na yi ta wata biyu. Ban taɓa dawowa na tambayi maƙwabci wa ya shigo ba. Yau in na miƙa hannu a soka, na faɗa wa Katsina ina da tambaya ke nan. Ba ni da tambaya."

"Ba kai ke tambaya ba, Baba. Su ne."

"To su riƙe abinsu. In ya fito yadda kike so, za su ce Alhamdu lillahi, ashe Mairo ta tsira. Ta tsira daga mi? Matata ce za a ce gilashi ya wanke ta?"

"In kuma..."

Ba ta ƙarasa ba. Ya ajiye tsumman a kan mota ya dube ta.

"Kin gani? Har ke sun sa wa in kuma a baki."

Ta koma ta durƙusa. Wannan karon kukan da sauti ya zo. Ta ce ta tuba. Ta ce ba ta taɓa roƙonsa komai ba, ko lokacin da ya ce ta yi karatun malanta ba aikin jinya ba, ba ta musa ba. Ta ce saura kwana uku. Ta ce shi yana da Inna, Inna tana da shi, ita ce za ta rasa. Ta ce in aka ɗauki lefen nan da wannan magana a kanta, ba gidan da zai sake aiko neman aurenta a garin nan sai gidan Goggo.

"Sunan uwata na sa miki," ya ce. "Wanda wannan bai ishe shi shaida ba, ba ni da ɗiyar ba shi."

"Ni Nu'uman nake so, Baba."

Ba ta taɓa faɗin haka a gabansa ba. Ya kau da kai, ya ɗauki bokiti.

"Malam."

Inna Mairo ce a ƙofar tsakar gida. Ba wanda ya san tun yaushe take tsaye. Ba ta shigo zauren ba, daga nan ta yi magana.

"Kai kana fita kana shan iska da motarka. Ni kwana shida ban leƙa waje ba. Jiya Zulaihat ta nan maƙwabta ta zo da kanta ta ɗauki turminta, turmin da ya shekara uku a gidan nan. Ko zama ba ta yi ba. Yardar da ka yi mini a ranka take, na gode. Ni kuwa a unguwa nake zaune. Ka je."

"Mairo, wulaƙanci ne gare ki."

"An riga an yi shi. Ka je, yarinyar nan kada ta biya."

Ya zubar da ruwan bokitin a kwata.

Ranar Laraba da hantsi ya fito cikin rigarsa ta Juma'a, ya ce wa Ramla ta shiga mota. Ya wuce wurin aikin Mudassir ko kallo bai yi ba. Ya tsaya a wani ɗakin gwaji a ɗaya gefen gari, inda ba su san kowa ba. Wata mace ce a bakin aiki, da takunkumi a fuska. Malam Sa'idu ya miƙa yatsa ya juya fuskarsa ga bango. Da ta soka sai ya ce Ramla ta jira a waje. Kafin ta ja ƙofa ta ji abin da ya ce wa matar.

"Ɗiyata, kada ki gaya mini, kada ki gaya mata. Rubuta, ki liƙe, ki buga hatimi a bakin."

Da suka fito Ramla ta nemi amsa a fuskar matar. Ido kawai ake gani, kuma matar tana kallon wayarta.

Ambulan ɗin fari ne, hatimi shuɗi biyu a bakinsa. Ya ajiye shi a gaban mota, ƙarƙashin gilashi. Daga nan har GRA yana gabanta, rana na dukansa, ba a ganin abin da ke ciki. Sau biyu hannunta ya tashi daga cinyarta. Sau biyu ta mai da shi.

Ya shiga gidan Alhaji Dabo shi kaɗai. Ta zauna a mota minti arba'in. Da ya fito hannunsa ba komai. Ya tada mota, ya daidaita madubi, ya hau titi. Ta tambaye shi abin da aka ce.

"Uwarki ta ce in je, na je. Alhaji ya ce takarda, na kai. Saura nasu."

Sauran labarin daga bakin Nu'uman ta ji, a waya bayan azahar. Yana falon lokacin, a zaune a ƙasa. Ya ce mutanen biyu sun yi doguwar gaisuwa, sun tambayi iyali da damina. Malam Sa'idu ya ba da labarin Bala mai cike fom, Alhaji ya saurara bai katse shi ba. Sannan ya ciro ambulan ya ajiye a kan tebur. Alhaji ya kai hannu. Malam Sa'idu ya ɗora yatsa a kai, yatsan da ke da auduga.

Nu'uman ya ce ya haddace abin da ya biyo baya.

"Alhaji, ga abin da ka nema. Ban buɗe ba, ba ni kuma buɗewa. In ka buɗe kafin ɗaurin aure, ko mi ka gani a ciki, ka aiko a ɗauki lefe, ba ni ba ku ɗiyata. In ka zo masallaci ran Juma'a da shi a liƙe, a ɗaura. Bayan nan naka ne, ka karanta ko ka ƙona."

Alhaji Dabo ya ce wannan ba adalci ba ne, an kawo masa ruwa an hana shi sha. Malam Sa'idu ya ce shi ma an tambaye shi abin da ba a tambayar mutum. Ya yi sallama ya fita.

Ramla ta zauna a bakin gado da wayar a kunne. Ta yi lissafin abin a hankali, yadda take yi wa 'yan aji huɗu a allo. In B ne ko AB a cikin ambulan ɗin, buɗewa ɗaya ta isa ta wanke Inna, kuma buɗewar ce za ta raba ta da Nu'uman. In ba a buɗe ba, kuma Alhaji bai zo ba, ta rasa duka biyun.

"Ka ɗauke shi ka ɓoye," ta ce.

"Ya sa a aljihun tebur ya kulle. Makullin na wurinsa."

"Ka roƙe shi."

"Na roƙa. Ya ce in tashi in ba shi wuri."

Ta je ta sami Inna a madafa ta faɗa mata. Inna ta daɗe tana juya miya. Ta ce tun suna amarya da ango haka Malam yake, in ka tura shi gabas zai je, amma ta hanyarsa. Ramla ta tambaye ta ko ba ta so a buɗe. Inna ta ce ita ta san abin da ke ciki tun kafin a liƙe shi. Ta rufe tukunya, ta ce a jiƙa lalle.

Ranar Alhamis Goggo Tani ta zo jin amsa. Malam Sa'idu ya tare ta a zaure, suka yi magana ta minti uku, ta koma ba ta shiga ba. Ƙawayen amarya biyar aka gayyata, biyu suka zo. Motar ɗaukar lefe ba ta zo da safe ba, ba ta zo da azahar ba. Ba wanda ya aiko cewa aure na nan.

Bayan la'asar wayar Ramla ta yi ƙara. An gama yi mata lalle a hannun hagu, na dama bai samu ba tukuna. Da shi ta ɗauka.

Nu'uman ya ce Alhaji bai fita ba yau. Ya fito da ambulan ɗin daga aljihun tebur ya ajiye a gabansa tun hantsi. Ya sa an goge masa babbar rigar da yake zuwa ɗaurin aure da ita, tana rataye a ƙofar ɗaki. Ɗazu kuma ya ce wa Hajiya ta nemo masa tabarau ɗinsa na karatu.

"Ta kawo?"

"Ta ce ba ta gan shi ba. Yana cikin aljihuna."

Ƙarfe biyu da rabi na gobe aka sa, bayan an sauko daga Juma'a. Har zuwa lokacin da Nu'uman ya kashe wayar, hatimi biyun suna nan yadda aka buga su.